Wayar Malama Angelina

Shafi na 9

Na ga saƙonninku. Masu cewa na bar Malama tsaye a bakin kasuwa kwana huɗu rana tana dukanta, ku yi haƙuri, biki ne ya ɗauke ni zuwa Kwoi. Ga ta nan, ta riga ta shiga shago.

*

Zamzam ta sake zare layin, ta hura masa iska, ta goge shi da gefen hijabinta, ta mayar. Wayar ta kawo haske, ta nuna rubutun da ta nuna ɗazu.

Malama Angelina tana zaune a benci, jakarta a cinya. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyarwa a firamare a nan Kafanchan kafin ta yi ritaya. Wannan mai shagon gyaran waya da samari ke yi wa layi, ita ta koya mata riƙon fensir. Shi ya sa ba ta kai wayar ko'ina ba sai wurinta.

"Faɗa mini gaskiya, 'yata. Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau, Malama. Batirin ma kamar sabo. A kulle take kawai."

"To buɗe ta mana."

Zamzam ta yi dariya. "Makulli biyu ne. Na farko, mai ita bai cire sunansa a ciki ba, sai an sa kalmar sirrinsa. Na biyu, na duba lambarta a kwamfuta, kamfanin layin da ya sayar da ita a Amurka ya ɗaure ta. Ba ta karɓar layin kowa sai nasa."

"Wato an ba ni akuya, igiya kuma tana hannun wani."

"Haka ne, Malama."

"Yaran layin baya sun ce minti goma za su fasa ta."

"Za su yi mata dabara, ta yi miki wata guda ta sake kullewa. Ni kuma ba na fasa wayar da ban san mai ita ba. Wa ya ba ki?"

"Doreen. 'Yata ta Sabon Tasha, nas ɗin nan. Jiya ta aiko direba da ita. Ta ce tsohuwar wayarta ce, in daina yawo da mai tocila kamar mai gadi."

Zamzam ta sake duban wayar.

"Anti Doreen ta taɓa zama a Amurka?"

"Doreen? Legas ma sau ɗaya ta je, ta dawo da zazzaɓi."

Zamzam ta juyo mata da fuskar wayar, ta ɗora farce a kan wani ɗan rubutu.

"Kin ga nan? Adireshin imel na mai wayar ne. Sun rufe sauran da ɗige-ɗige, harafin farko kaɗai suka bari. Sunan Anti Doreen kuwa ba da wannan yake farawa ba."

Malama ta laluba jaka ta sa tabarau. Ta kawo fuskarta kusa.

Harafi ɗaya ne. G.

Ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta mayar. Harafin yana nan.

Sunaye da yawa suna farawa da shi, haka ta gaya wa kanta. Akwai Godiya, akwai Gloria, akwai Gabriel. Ta yi ta jero su a zuciya kamar mai kiran rajistar aji.

Gershon shi ne ɗanta na fari. Tun yana goyo ubansa, Baba Wilfred, tsohon ma'aikacin reluwe kuma dattijo a ikilisiya, ya yi wa Ubangiji alkawarin cewa yaron nan fasto zai zama. Gershon ya yi shekara biyu a makarantar fastoci, a ta uku ya dawo gida da akwatinsa, ya ce shi bai ji kira ba, inji yake so. Ranar aka faɗi maganganun da ba a iya mayarwa. Uban ya ce in ya fita ta ƙofar nan, kada ya fita da sunansa. Da safe ya fita.

Sau uku ya kira daga Legas. Daga nan shiru. Wani ya ce ya gan shi a Agadas cikin masu shirin ratsa sahara. Bayan shekara huɗu dattawa suka zo gida suka ce ko a yi masa sujadar tunawa, Malama ta ce ba da ita ba, ba ta ga gawa ba. Tun daga nan maƙwabta suka daina kiranta Maman Gershon, suka koma Maman Doreen, wai don kada su fama mata ciwo.

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan.

"Kira mini Doreen," in ji Malama. "Layina yana cikin wannan abin."

Zamzam ta kira da tata wayar, ta sa a sifika, ta ajiye a kan tebur tsakanin sukurdireba da tulin caja.

"Halo?"

"Doreen, ni ce."

"Momi. Lambar wa ce wannan? Yaya wayar, kin ji daɗinta?"

"Wayar wa kika aiko mini?"

"Tawa mana. Ai na faɗa miki."

"Yaushe kika je Amurka ban raka ki tasha ba?"

Aka ji Doreen ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ai... wata ƙawata ce ta kawo mini ita daga can. Na ɗan yi amfani da ita."

"Yaya sunanta?"

"Gloria."

"Gloria 'yar gidan wa?"

"Ba ki san ta ba, Momi."

"Wane coci take zuwa?"

"Namu."

"Na yi wata biyu a cocinku lokacin da kika haihu. Gloria ɗaya ce a wurin, mai sayar da doya, ita ma mai tocila take riƙewa irin tawa."

Zamzam ta sunkuyar da kai tana gyara abin da bai lalace ba.

"Doreen," in ji Malama, muryarta ta sauka. "Na yi shekara talatin da biyu ina kama yara da ƙarya. Ke kuma tun kina ƙarama ba ki iya ta ba. Wa ke da harafin G ɗin da ke cikin wayar nan?"

Can aka ji an ja kujera, an rufe ƙofa.

"Momi, a zaune kike?"

"A zaune nake."

"Akwai wani kusa da ke?"

"Zamzam tana nan. Yi magana."

Doreen ta ja numfashi, muryarta ta karye.

"Yana raye, Momi."

Malama ta dubi bakin ƙofa, inda wata mata ke wucewa da kwandon tumatir a ka. Ta bi ta da ido har ta ɓace.

"Sake faɗi."

"Yaya Gershon yana raye. Yana Amurka, tirela yake tuƙawa. Tun Kirsimetin bara ya nemo ni a Fesbuk. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba sai ya shirya. Shi ya aiko wayar ta hannun wani ɗan cocinsu. Ya ce ya goge komai, ba za ki gane ba."

"Tun Kirsimeti."

"Momi, ki yafe mini. Sau nawa ina ɗaukar waya in faɗa miki in ajiye."

"Kika zo Ista kika ci shinkafata, kika kalle ni ina yi masa addu'a a tebur, kika ce amin."

"Na ce amin da gaske, Momi."

Dariya ce ta ƙwace wa Malama, hawaye na biye da ita. Ta zame daga bencin ta durƙusa a kan simintin shagon, ta ɗaga hannu biyu. Ba ta iya haɗa addu'ar ba. Abin da ke fita kawai shi ne, "Na gode, Yesu. Na gode." Zamzam ta zagayo ta riƙe ta a kafaɗa tana cewa alhamdu lillahi, ita ma idonta ya yi ja.

Da ta koma kan benci, ta share fuska, ta gyara ɗankwali.

"Kira mini shi."

"Yanzu? Momi, bari in fara yi masa magana, in..."

"Ƙarfe nawa a can?"

"Safiya ce. Wajen takwas."

"To ya tashi. Ɗana ba ya barcin safe. Kira shi."

Doreen ta kashe, ta sake kira ta bidiyo. Zamzam ta jingina wayar da kwalin batir yadda Malama za ta gani sosai. Fuskar Doreen ta fito cikin fararen kayan aiki, idonta a kumbure. Kusa da ita wani ɗan akwati baƙi yana ta ƙara.

Sai ya buɗe.

Wani mutum ne zaune a gaban babbar mota, da hular hana-salla, gemu ya fara furfura. Yana riƙe da kofin shayi.

"Doreen, lafiya da sassafe? Ina shirin..."

Ya tsaya. Kofin ya sauka a hankali.

Malama ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta nemi tabon da ke kan girarsa ta hagu, wanda ya samu ranar da ya faɗo daga mangwaron makaranta. Ga shi nan.

"Mama," in ji shi.

Shekara goma sha ɗaya tana tanadin abin da za ta faɗa masa a wannan rana. Ta tanadi faɗa, ta tanadi ayoyi. Duk suka gudu.

"Ka yi ƙiba," in ji ta.

Gershon ya kifa kai a kan sitiyari. Kafaɗunsa suna rawa, ba a san kuka yake ko dariya ba, sai da ya ɗago aka ga duka biyun ne.

"Mama, ki gafarta mini."

"Ɗago in gan ka. Juya gefe. Ɗaya gefen. Haƙoranka duk suna nan?"

"Suna nan, Mama."

"To me ya hana bakin kira na?"

Ya cire hula ya shafa kai. Hausarsa ta ɗan yi nauyi, yana neman kalmomi.

"Shekarun farko ba daɗin faɗi. Na yi yawo ƙasa huɗu. Ba takardu, ba wurin kwana na kirki. Na ce ba zan kira ba sai na zama wani abu. Da na samu takardu, sai na ga an daɗe. Kullum in ce gobe. Kunya ce, Mama. Ban so in dawo hannu wofi."

"Wa ya ce maka hannunka nake nema?"

Gershon ya sunkuyar da kai.

"An zo gidana an ce in binne ka ba gawa. Na kore su. Har yau wasu a zumuntar mata suna yi mini kallon wadda ta taɓu. Ranar Alhamis zan je da wayar nan in nuna musu kai ɗaya bayan ɗaya."

"Sai ta buɗe tukuna, Malama," in ji Zamzam.

Duk suka yi dariya, har Doreen da ke fyace hanci.

"Wace ce wannan?" in ji Gershon.

Zamzam ta leƙo. "Ina kwana, Yaya Gershon. Zamzam ce, 'yar Malam Jibir mai shanu na hanyar Kagoro. Kai ka gyara mana injin niƙa ina aji uku."

"Ƙaramar nan mai kawo wa Mama nono ranar Juma'a?"

"Ita ce. Yanzu ni ce injiniya, kai kuma ka ba ni aiki. Ina son kalmar sirrin wayar nan."

Gershon ya sosa gemu. "Bari in rubuto miki."

"Faɗi kawai," in ji Malama. "Asiri ya ƙare a gidan nan yau."

Ya kau da ido daga kyamara.

"Maman Gershon. A haɗe, harafin farko babba. Sai shekarar haihuwarta."

Hannun Zamzam ya tsaya a kan gilashi. Ta dubi Malama. Malama ta danne leɓenta, ta kalli silin na ɗan lokaci. Rabon da ta ji sunan nan a bakin wani har ta manta.

"Wace shekara ce?" in ji Zamzam a hankali.

"Dubu ɗaya da ɗari tara da..."

"Kai, rufe mini baki. A tsakiyar kasuwa za ka faɗi shekaruna? Kawo nan in sa da kaina."

Ta karɓi wayar, ta kare da tafin hannu, ta danna lambobi huɗu da yatsa ɗaya. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar. Rubutun da ya hana su sakat tun safe ya ɓace, wani ya fito.

"Makulli ɗaya ya tafi," in ji Zamzam. "Amma Yaya, in tambaye ka. Ka goge hotuna, ka goge lambobi, ka goge komai tas. Wanda ya iya wannan ba ya manta cire sunansa."

Gershon ya yi murmushi, bai ɗago ba.

"Na kai hannu zan cire. Na daɗe ina kallonsa. Na san in na bar shi, dole wani ya neme ni."

"Ka ji matsoraci," in ji Doreen. "Ni ka bari da ƙarya a baki."

"Saura na biyun," in ji Zamzam. "Kamfanin layinka ne zai sake ta, kuma kai kaɗai za su saurara. Ka shiga shafinsu ka nemi a buɗe. Zan karanto maka lambar wayar, guda goma sha biyar ce."

Ta karanto, yana maimaitawa. Sau biyu yana juya bakwai da tara, sau biyu Malama tana gyara masa kamar yana gaban allo. Da ya gama ya ce sun rubuta zai iya kai kwana biyu.

"Wani lokacin ba ya kai rabin awa," in ji Zamzam. "Mu jira."

"Na jira shekara goma sha ɗaya," in ji Malama. Ta gyara zama. "To, ba ni labari. Wa yake dafa maka abinci ka yi wannan kumatu?"

Gershon ya dubi Doreen. Doreen ta ɗaga hannu, alamar babu ruwanta.

"Na yi aure, Mama. Sunanta Theresa. Muna da yaro, Silvanus, shekararsa uku."

Malama ta dafe ƙirji. "Baturiya ce?"

"A'a. A cocin 'yan Najeriya muka haɗu. 'Yar Godogodo ce."

"Godogodo? Ta nan bayanmu?"

"E, Mama."

"Ka ratsa sahara, ka tsallake teku, ka je ka auro 'yar Godogodo. Da ka tambaye ni, ɗan acaɓa zai kai ka ya dawo da kai kafin tuwo ya nuna."

Zamzam ta yi dariya har ta riƙe tebur. Gershon ya nuno hoton yaron a jikin gilashin mota, wani ɗan dagwas da kunnuwa a buɗe. Malama ta ce kunnuwan kakansa ne, ba tantama. Ta fara lissafa abin da za ta aika: dakakkiyar citta, daddawa, acca mudu biyu, da ɗan littafin waƙoƙin sujada don kada yaron ya tashi ba ya jin Hausa.

Ambaton kakan ne ya sa Gershon ya daina murmushi.

"Baba fa?"

"Yana nan. Ƙafa ce ke damunsa. Shekara biyu bai hau mashin ɗinsa ba, daga kujera sai coci."

"Yana ambata na?"

Malama ba ta iya yi masa ƙarya ba.

"Ba ya ambata. Amma ɗakinka ya hana a sa ɗan haya. Ya ce rufin yana yoyo. Rufin nan ba ya yoyo."

Gershon ya goge ido da bayan hannu.

"Mama, kada ki faɗa masa tukuna. Ki ba ni mako ɗaya in san abin da zan ce."

"Ban taɓa kwana da asiri a kan ubanku ba."

"Mako ɗaya kawai."

"Momi, ki yarda," in ji Doreen. "Kin san hawan jininsa. A bi shi a hankali."

Malama ta ƙirga kwanaki da yatsu.

"Zuwa Lahadi. Bayan sujada zan zaunar da shi, in sa fasto ya biyo mu gida. Ba na ƙara rana ko ɗaya."

"Na yarda." Gershon ya dubi wani abu a gefe. "Tsaya. Saƙo ya shigo. Sun ce sun buɗe."

Zamzam ta kashe wayar ta kunna, ta haɗa ta da intanet ɗin shago. Kawuna biyu suka sunkuya a kanta, wasu biyun suna leƙe ta gilashi. A saman kusurwa aka ga sanda ɗaya ta sabis ta fito. Ta biyu. Ta uku. Sunan layin Malama ya bayyana.

"Ta zama taki, Malama," in ji Zamzam, ta miƙa mata da hannu biyu.

Malama ta karɓa tana juya ta. Ba ta gama kallonta ba wayar ta ɗauki ƙara, ta kusa subuce mata.

Ba suna a fuskar, lamba ce kawai. Amma lambar nan ko cikin barci ta san ta.

"Ubanku ne."

Ta daddanna gilashin, ƙarar ta ƙi tsayawa. Ta danna nan, ta danna can. Zamzam ta miƙo hannu, Malama ta riga ta shafa wani wuri, ta sake taɓa wani.

Gershon bai ga abin da ya faru ba. Daga wayar Zamzam muryarsa ta fito ɓaro-ɓaro, cike da dariya.

"Mama, ba dannawa ake yi ba. Ja koren zuwa dama."

Sai dai kiran ya riga ya shiga, kuma a sifika yake.

"Angelina, tun safe layinki a kashe," in ji muryar Baba Wilfred, rediyo na magana a bayansa. "Ina kika ajiye mini..."

Ya tsaya.

"Muryar wa ke nan?"

Doreen tana girgiza kai da ƙarfi a cikin ɗan akwatinta. Malama ta dubi Gershon a wayar Zamzam.

Gershon ya gyara zama, ya ajiye hular a cinya.

"Baba, ina wuni. Gershon ne."

Aka ji rediyon ya mutu.

Zamzam ta leƙa ta ga ko kiran ya yanke. Bai yanke ba. Numfashin tsohon kawai ake ji.

"Angelina."

"Na'am, Baban yara."

"Ina kike?"

"Shagon Zamzam, layin masu waya."

"Kada kowa ya kashe waya."

Suka ji sandarsa tana buga siminti da sauri. Suka ji ƙarar ƙofar langalanga, da wani abu mai nauyi da ake ja. Malama ta miƙe tsaye.

"Baban yara, ƙafarka. Me kake yi?"

Ya buga mashin sau ɗaya, ya ƙi. Ya sake bugawa.

A na uku injin ya tashi.